Abin da ya kamata ɗaliban jinya su koya kan kula da masu naƙasa a cikin al'ummarsu

Wata malama da ke koyarwa a kwalejin koyon aikin jinya ta aiko da tambaya cewa an ɗora mata nauyin tsara darasi kan kula da masu naƙasa a gidajensu da unguwanninsu, kuma tana son ta san abin da ya dace ya shiga cikinsa da yadda za a koyar da shi. Ta ƙara da cewa wasu abokan aikinta suna ganin wannan fagen masu gashin ƙashi ne, babu ruwan nas da shi.

Malama, zan fara da maganar abokan aikinki, domin idan ba a warware ta ba darasin zai zama abin da ake haddacewa don jarrabawa a kuma manta. Tsarin da kike magana a kai, wato kula da masu naƙasa a cikin al'ummarsu, wanda takardun hukuma ke taƙaita sunansa na Turanci da CBR, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ɓullo da shi bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya a matakin farko a kan gaba. Dalilin ɓullo da shi kuwa shi ne ƙwararrun da ke maido da mai naƙasa kan harkokin rayuwarsa ba su da yawa, kuma 'yan kaɗan ɗin da ake da su suna manyan asibitocin birane, alhali mafi yawan masu buƙatarsu suna ƙauyuka da unguwannin talakawa. Sai aka ga babu mafita illa a koya wa iyali da ma'aikatan lafiya na kusa abin da za su iya yi da kayan da ke hannunsu. Daga baya tunanin ya faɗaɗa. Hukumar Lafiya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNESCO sun fitar da matsaya ta haɗin gwiwa a 1994, suka sabunta ta a 2004, sannan a watan Oktoban 2010 aka ƙaddamar da cikakken jagoran tsarin a Abuja. Jagoran ya kafa aikin a kan ginshiƙai biyar: lafiya, ilimi, hanyar neman abinci, zamantakewa, da ba mai naƙasa ƙarfin faɗa a ji a kan al'amuransa.

Girman buƙatar ma ya isa amsa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani, kuma a 2023 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su shigar da wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko. To a wurarenmu wa ke tsaye a matakin farkon? Nas ce da ungozoma da jami'in lafiyar al'umma, kuma a ƙananan asibitoci da dama nas ɗin ce ke duba aikin sauran. Ita ce kuma ke kan mutum ranar da aka sallame shi daga asibiti da rabin jikinsa a shanye. Likitan gashin ƙashi yana da iliminsa da hukumar da ke yi masa rajista, kuma babu mai cewa nas ta karɓe aikinsa; shi zai tsara atisayen da ya dace, shi zai auna takalmin gyara ko ƙafar roba tare da masu ƙera su. Amma yakan ga majinyaci sau ɗaya a mako idan an yi sa'a, wani ma sau ɗaya ke nan har abada saboda kuɗin mota, sauran kwanakin kuwa suna hannun iyali da duk ma'aikacin lafiyar da ya fi kusa da gidan. A cikin waɗannan kwanaki ne gyambo ke buɗewa, gaɓa ke ƙagewa, mutum ke yanke ƙauna.

Abin da ya fi wuya a wannan darasi, a iya shekarun da na yi ina koyarwa, shi ne sauya hannun ɗalibi. Horon da muke bayarwa a ɗakin kwanciya yana koya masa ya yi wa majinyaci komai: ya yi masa wanka, ya ba shi abinci, ya gyara masa shimfiɗa, kuma wanda ya fi sauri da tsafta shi ke samun yabo. Wannan daidai ne ga mai zazzaɓi da zai warke cikin mako guda. Ga wanda zai rayu da naƙasa shekara ashirin kuwa, kowane abu da aka yi masa alhali zai iya koyon yinsa da kansa, an rage masa wani abu ne. Na taɓa tsayawa a bayan wata ɗaliba mai ƙwazo tana ba wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki koko. Hannunsa na hagu lafiya lau yake, yana ta ɗaga shi zuwa ga ludayin, ita kuma tana mayar masa da shi a hankali tana cewa, “Baba, bari in ba ka, kada ka ɓata rigarka.” Na ce ta shimfiɗa masa tawul a ƙirji ta miƙa masa ludayin. Ya zubar da kusan rabi, ya ɗauki ninki uku na lokacin da za ta ɗauka, amma ya shanye sauran da hannunsa, kuma da ya gama bai kalle mu ba, matarsa ya kalla. Ɗalibar ta gaya mini daga baya cewa tsayawa tana kallo ba ta sa hannu ba ya fi mata wuya fiye da duk wani aiki da ta yi a ɗakin. Wannan haƙurin janye hannu shi ne abu na farko da darasinki zai gina, kuma tausayin da muka taso da shi yakan yi masa gardama, don haka sai an maimaita.

Daga nan sai yadda ake duba mutum. Ɗalibi ya saba da tambayar wace cuta ce, sai a koya masa ya ƙara da tambayar me mutumin nan yake iya yi, me ya daina iyawa, kuma me ke hana shi. Tsarin rarraba aikin jiki da naƙasa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2001 ya ginu a kan wannan, cewa naƙasa tana fitowa ne daga haɗuwar raunin jiki da yanayin da mutum ke zaune a ciki. Ba sai kin cika ɗalibai da lambobin tsarin ba. Ki sa su rubuta tambayoyin da harshen gida: yana iya tashi daga tabarma? Yana kai kansa banɗaki, kuma yana iya tsugunno? Yana riƙe buta ya yi alwala? Yana fita zaure, yana zuwa masallaci ko kasuwa? Idan mace ce, tana iya girki, tana iya goya ɗanta? Tela da manomi za su iya rasa ƙafa a wuri ɗaya, telan ya koma kan kekensa da ɗan gyara, manomin kuwa sai an sake tunanin yadda gidansa zai ci abinci. Sannan a tambayi mutumin abin da ya fi so ya dawo masa. Sau da yawa amsar takan ba ɗalibi mamaki, domin shi yana tunanin tafiya, mutumin kuwa burinsa ya shiga banɗaki ba tare da ɗansa ya ɗauke shi ba.

Irin wannan dubawa ba ta yiwuwa sai a cikin gida, gani kuwa ya kori ji. A ziyarar farko da nakan kai ɗalibai, nakan hana su taɓa majinyaci sai sun zagaya gidan da igiyar awo. Sukan tarar da dokin ƙofa mai tsawon taƙi guda a bakin ɗaki, da ƙofar da ba ta kai faɗin keken guragu ba, da tsakar gida mai rairayi da tayar keke ke nutsewa a ciki, da masai na tsugunno a can ƙarshen gida babu abin dafawa. A wani gida mun sami keken da aka ba wani saurayi kyauta a wani taron rabon kaya yana jingine a lungu an ɗora masa tukwane, shi kuma yana jan jiki a ƙasa, saboda keken ya yi masa faɗi, ba shi da matashin zama, kuma ba ya shiga ɗakinsa. Abin da ya sauya rayuwar saurayin nan bai wuce aikin kafinta da birkila na yini biyu ba: an fasa dokin ƙofar an yi gangare, an huda kujerar katako an ɗora a kan masai, an kafa gora biyu a tsakar gida yana dafawa yana koyon tsayuwa.

Ta fuskar aikin jinya tsantsa, fata ce za ki ba lokaci mafi tsawo, domin gyambon kwanciya yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu raunin laka bayan sun bar asibiti, kuma kusan dukkansa ana iya hana shi. Ɗalibai sun san ƙa'idar juya majinyaci duk bayan awa biyu, amma littattafan da yawancinsu ke karantawa suna cewa alamar farko ita ce fata ta yi ja, wanda a baƙar fata ba kasafai ake ganinsa ba. Sai a nuna musu da ido da hannu: wurin yakan fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, yakan yi ɗumi ko tauri idan an taɓa, kuma wuraren dubawa su ne ƙashin ƙasan baya da kwatangwalo da diddige da idon sawu, ga mai zama a keke kuma ƙasusuwan mazaunai. A koya musu yadda za a tallafe jiki da matasan kai ko tsummokara masu laushi da aka naɗe, yadda mai keke zai riƙa karkatawa gaba ko gefe don ya sauke nauyi, da yadda zai duba bayansa da madubi safe da yamma tun da ba ya jin ciwon da zai gargaɗe shi. Fitsari da bayan gida suna biye da wannan. Ɗalibi ya iya koya wa mutum sa robar fitsari mai tsafta da kansa duk bayan awa huɗu zuwa shida idan likita ya ga ya dace, ya san alamun ciwon mafitsara, ya kuma iya tsara lokaci ɗaya na bayan gida kullum ko bayan kwana biyu. Akwai haɗari guda da nake so kowane ɗalibi ya riƙe: wanda lakarsa ta samu rauni daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, idan ya kamu da matsanancin ciwon kai farat ɗaya da gumi a fuska, jininsa ne ya hau, galibi saboda mafitsara ta cika ko roba ta toshe. A zaunar da shi bayansa a miƙe, a sassauta tufafinsa, a duba robar nan take. Kwantar da shi, wanda shi ne abin da kowa zai fara yi, ƙara masa haɗari yake.

Shanyewar ɓarin jiki tana ƙaruwa a wurarenmu tare da hawan jini da ciwon suga, kuma kurakuran da ake yi a kanta sanannu ne. Ana jan mutum ta hannun da ya shanye don a tashe shi, kafaɗar ta goce, ya samu ciwon da zai hana shi barci watanni. Ana ɗura masa ruwa ko kunu yana kwance, ya sarƙe shi ya gangara huhu, bayan kwanaki a ce ciwon haƙarƙari ya kama shi. Ana barinsa a dunƙule wuri ɗaya har gwiwa da gwiwar hannu da yatsu su ƙage. Maganin kowanne mai sauƙi ne idan an sani: a tallafe shi ta baya da ƙugu, a ciyar da shi yana zaune sosai da abinci mai ɗan kauri kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune na ɗan lokaci bayan ya gama, a motsa kowace gaɓa a hankali kullum ba tare da tilastawa ba, a kuma ci gaba da maganin hawan jinin, wanda iyalai da yawa kan daina da zarar an dawo gida.

Yara kuwa suna zuwa hannun nas da kansu, domin ana kawo su rigakafi a mako 6 da 10 da 14 da kuma wata 9, kuma kowace zuwa dama ce ta dubawa idan an horar da idon mai allurar. Yaron da ya wuce wata huɗu wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai wata tara bai zauna ba, ko wata goma sha takwas bai taka ba, ko ba ya juyowa idan an yi ƙara a bayansa, yana buƙatar a tura shi gaba, musamman idan an sha wuyar haihuwarsa, ko ya yi shawara mai tsanani a makon farko, ko ya yi sanƙarau. Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe zuwa ciki ana gyara shi da ɗaurin filasta da ake sauyawa mako-mako, sannan ya riƙa sa takalmi mai sanda dare da rana na kusan wata uku, daga baya kuma lokacin barci kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar, kuma inda aikin ke lalacewa shi ne wurin takalmin, domin iyaye kan gaji su ajiye. Nan ne bibiyar nas ke da amfani. Ga yaron da gaɓoɓinsa suka sandare saboda raunin ƙwaƙwalwa, babban abin koyarwa shi ne zama da ciyarwa, domin yunwa da sarƙewa sun fi cutar da shi fiye da rashin tafiya. A farfaɗiya kuma a koya wa iyali su kwantar da yaro ta gefe, kada su cusa masa cokali a baki, su nisanta shi da murhu da bakin rijiya, su garzaya asibiti idan ta wuce minti biyar, kuma su sani ba a ɗaukarta ta yawu, don haka babu dalilin raba masa kwano ko hana shi makaranta.

Idan kina neman misalin da ya daɗe yana aiki a ƙasarmu, ki duba masu aikin kuturta. Maganin haɗin da ake sha wata shida ko goma sha biyu yana kashe ƙwayar cutar, amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa, don haka aka koya wa mutane su riƙa jiƙa hannu da ƙafa a ruwa kullum, su goge kaushi, su shafa mai, su duba ko akwai rauni ko ƙaya, su sa takalmi mai laushi a ciki, su riƙe tukunya da tsumma. Sukan taru ƙungiya-ƙungiya suna duba ƙafar juna, ma'aikacin lafiya yana gefe. Cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta da ke Zariya ta daɗe tana koyar da wannan, kuma ziyara ɗaya ga irin wannan ƙungiya za ta nuna wa ɗalibai abin da ake nufi da mutum ya zama mai kula da kansa.

Akwai wani ɓangare da ba mu cika son faɗa ba, wato naƙasar da hannunmu ke jawowa. Allurar da aka yi a mazaunai ba a kusurwar sama ta waje ba tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan sawu. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin suna iya kurmantar da mutum idan an wuce ƙima ko ƙoda ba ta aiki sosai. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa aka ce wa uwarsa ta shanya shi a hantsi maimakon a auna jininsa, shi ma yana iya ƙarewa da raunin ƙwaƙwalwa. Ki sa wannan a farkon darasin, domin yana sa ɗalibai su zauna da kyau.

Kayan taimako ba sai an tsawaita ba, amma ɗalibi ya san awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kaya 50 mafi muhimmanci a 2016, kuma ƙa'idarta kan keken guragu ita ce a auna mutum, a daidaita masa, a koya masa amfani da shi, a kuma bibiya. Sandar hammata a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninta da hammata, nauyi ya sauka a tafin hannu, in ba haka ba ta danne jijiya hannu ya mutu. Masu walda a Kano da wasu garuruwa, da yawansu waɗanda shan inna ta taɓa, sun daɗe suna ƙera kekuna masu taya uku da suka fi dacewa da hanyoyinmu fiye da na asibiti, kuma ya kamata ɗalibai su san inda suke.

Duk abin da na lissafa ba nas ce za ta riƙa yinsa kullum ba, iyali ne, shi ya sa iya koyarwa ya zama rabin aikin. Mai jinya a gida galibi mace ce, uwa ko mata ko 'ya, wadda wataƙila ba ta karatun boko kuma tana da girki da yara. A koya wa ɗalibi ya nuna abu ɗaya ko biyu kawai a kowace ziyara, ya yi a gabanta, ta yi a gabansa, ya kuma ɗaura aikin da abin da ke tsara yininta, misali juya majinyaci bayan kowace salla da tsakaninsu maimakon duba agogo. Ya nuna mata yadda za ta ɗaga mutum ba ta karya bayanta ba, ya tambaye ta ita ma yadda take, ya nemi wanda zai riƙa karɓarta. Ya kuma san cewa mai yanke shawara kan kashe kuɗi ko tafiya asibiti sau da yawa wani ne daban, don haka sai an zauna da maigida ko babban wa a zaure. Saboda gidajen da maza ba sa shiga, nakan haɗa ɗalibai biyu-biyu, mace da namiji.

Kan abin da mutane suka yi imani da shi, sunan shan inna kansa ya ishe mu shaida cewa an daɗe ana danganta shanyewar gaɓa da iska. Iyali da yawa za su je wurin malami ko mai magani ko maɗori kafin su zo gare mu da kuma bayan sun bar mu. Ɗalibin da ya yi musu dariya ya rufe wa kansa ƙofar gidan. Abin da za a koya masa shi ne ya bambance abin da ba ya cutarwa, kamar addu'a da tofi, wanda zai bari ya tafi tare da magani, da abin da ke cutarwa, kamar ɗaurin karaya mai tsananin matsewa da ke tsayar da jini har a kai ga yanke hannu, ko tsaga da ƙona fatar da ba ta ji. A nan zai yi magana a fili, cikin ladabi, kuma ya fi kyau ya san maɗorin unguwar ya nuna masa alamun da ke cewa a kwance ɗauri a tura asibiti.

Shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ki kawo masu naƙasa cikin aji a matsayin malamai, a biya su kamar yadda ake biyan kowane baƙon malami. Mai raunin laka da ya shekara goma a keke ya fi ni da ke sanin yadda ake kare fata a lokacin zafi. Makauniya za ta gaya wa ɗalibai yadda ake ji idan nas ta tambayi ɗan jagora abin da ke damunta alhali ga ta a zaune. Kurma zai koya musu 'yan kalmomin maganar hannu da za su isa a tambayi inda ke ciwo. Mace mai naƙasa za ta ba su labarin kallon da ake yi mata idan ta zo awon ciki, kamar ba ta da haƙƙin aure da haihuwa. Al'ummarmu ta daɗe da shugabancinsu, akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare a garuruwa da dama, ga kuma ƙungiyoyin zamani, kuma ta hannunsu ake shiga. A nan ne za ki kawo doka a taƙaice: yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 da Najeriya ta tabbatar a 2010, da dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Ki sa ɗalibai su hau keken guragu su zagaya kwalejinku da asibitin da suke koyon aiki, su rubuta duk inda suka maƙale.

Sauran ginshiƙan huɗu ba aikin nas ba ne kai tsaye, amma ita ce mahaɗa. Ya isa ɗalibi ya san shugaban makarantar firamaren da zai karɓi yaro mai sanda, da mai sana'ar da zai ɗauki almajiri kurma, da ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, da ranar da likitan gashin ƙashi ko na ido ke zama a babban asibiti mafi kusa.

Game da tsari, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ce ke da manhaja, don haka ba ki da ikon ƙirƙiro sabon kwas ke kaɗai, kuma a ganina ba ki ma buƙatarsa. Ki raba abin cikin darussan da ake da su: fata da mafitsara da shanyewar jiki a jinyar manya, matakan girma a jinyar yara, baƙin ciki da yanke ƙauna a lafiyar ƙwaƙwalwa, ziyarar gida a jinyar al'umma. Abin da zai ɗaure su wuri ɗaya shi ne a ba kowane ɗalibai biyu gida guda da za su bi na tsawon zangon karatu, da izinin mai naƙasar da iyalinsa, su je aƙalla sau biyu a wata, malami ya raka su a ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe. Zuwa ƙauye na mako biyu a dunƙule ba ya nuna musu komai, domin canji a wannan aiki a hankali yake zuwa. Ki nemi kuɗin mota a rubuce tun kafin a fara, don a nan irin wannan shiri ya fi mutuwa, kuma idan akwai ɗaliban gashin ƙashi a kusa, a haɗa su fita tare, kowa ya ga iyakar aikinsa.

A jarrabawa kada ki tsaya kan rubuta ma'anoni. Ki sa ɗalibi ya koya wa wata da ke wasan kwaikwayon uwa yadda ake juya majinyaci, da Hausa, cikin minti goma, ki ba da maki a kan abin da uwar ta iya yi bayan ya gama. Rahoton gidan da ya bi kuma ya nuna buri biyu ko uku da mai naƙasar ya zaɓa da bakinsa, da inda aka kai a kan kowanne, har da wanda bai yiwu ba da dalilinsa.

Ki gargaɗe su kan abu biyu kafin su fita. Kada su yi alkawarin warkewa ko na kawo keke ko kuɗi, domin iyali kan riƙe maganar mai farin kaya, kuma kada su gwada abin da ba a koya musu ba, kamar miƙar da gaɓar da ta ƙage da ƙarfi, wanda kan iya karya ƙashin da ya daɗe bai ɗauki nauyi ba. Idan zangon ya ƙare, ziyarar ƙarshe a yi ta tare da ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwar, a miƙa masa takarda mai shafi ɗaya da ke ɗauke da abin da mutumin ke iya yi yanzu, da abin da ake kan koya masa, da alamun da za su sa a tura shi babban asibiti, a bar kwafi a gidan, sannan a rubuta sunan gidan cikin waɗanda ɗaliban shekara mai zuwa za su karɓa.